Ragowar tukunya da ƙofar majalisa: shin hurumin masu gidajen abinci ne su tsoma baki a maganar doka?

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai masu sana'a irin tawa da yawa a cikinmu.

Shekarata 14 da buɗe gidan abinci. Kullum in za mu tashi da dare sai na tsaya a ƙofar kicin ina kallon abin da ya rage. Ba ragowar faranti nake nufi ba, wannan kowa ya san bola za shi. Ina nufin wanda ke cikin tukunya, da ɗuminsa, cokalin kowa bai taɓa shi ba. Wata rana rabin tukunya, wata rana fiye. Ma'aikata su ɗiba, a miƙa wa maƙwabta, sauran kafin gari ya waye ya lalace. Na so in shirya da wani gidan marayu su riƙa aikowa kullum ana ɗauka, sai jami'in duba-gari da ke zuwa wurina ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, in yaro ɗaya ya yi ciwon ciki ke za a kama, kuma babu takardar da za ta kare ki." Na ce to faɗa mini ƙa'idar in bi: awa nawa, a wane irin mazubi, wa zai sa hannu? Ya ce shi ma ba a ba shi komai a rubuce ba.

Yanzu wasu abokan sana'a sun ce mu haɗu mu rubuta wa majalisa a fito da ƙa'ida. Da na gaya wa yayana sai ya ce ni mai girki ce, in tsaya ga tukunyata, wanda ya fiye kai ƙara hukuma, hukuma kan fara da shi. Maganarsa ta taɓa ni. Ku me kuka gani?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya saka miki da niyyarki. Amma ina tare da yayanki, ko da yake dalilina daban. Ruwa ba ya tsami banza. Shekaru na yi ina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, ban taɓa ganin ƙungiyar masu sana'a ta je gaban gwamnati ta dawo da abin da zai rage mata riba ba. Yau za ku shiga da maganar marayu, gobe a fito da maganar rage haraji, jibi ta hana ƙarin albashi. Ke da zuciya ɗaya za ki je, amma ba ke kaɗai za ki zauna a teburin ba.

Barista Usman:
Hajiya, abin da kike nema ba sabon abu ba ne, wasu ƙasashe sun daɗe da warware shi. A Amurka tun 1996 akwai doka, ana kiranta da sunan ɗan majalisa Bill Emerson, wadda ta ce duk wanda ya ba ƙungiyar agaji abinci da kyakkyawar niyya ba za a kama shi da laifi ba in wani ya samu matsala, sai dai in an tabbatar da mummunan sakaci ko ganganci. A 2016 Faransa ta hana manyan kantuna, waɗanda faɗinsu ya kai murabba'in mita 400, lalata abincin da bai sayu ba, ta tilasta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. Italiya ma ta yi tata a 2016 ɗin, sai dai ita ta bi ta lallashi: ta rage wahalar takardu, ta sauƙaƙa wa mai son bayarwa.

Ki lura da abu ɗaya. Tsoron da jami'in nan ya ba ki ba laifinsa ba ne, giɓi ne a doka. Giɓin doka kuwa sadaka ba ta cike shi. Ko kin fi kowa tausayi, sai an rubuta.

Malam Sabo:
Barista, waɗannan dokokin masu dafa abinci ne suka kawo su?

Barista Usman:
A'a Malam, gaskiya ɗaya ce. Ta Faransa 'yan siyasa ne suka ja ta, har da wani kansila da ya tara sa hannun jama'a. Amma a Italiya, shekara guda kafin dokar, shahararren kukun nan Massimo Bottura ya buɗe wurin ciyar da mabuƙata a Milan lokacin babban baje kolin duniya na 2015, da ragowar kayan abincin baje kolin ake girkin. Bai rubuta doka ba, ya dai nuna wa mutane da idonsu cewa abin da ake kira shara abinci ne.

Malama Rabi:
Ni malamar makaranta ce, bari in kawo misalin da ya fi kusa da zuciyata. A 2004 Jamie Oliver, wani kuku a Ingila, ya shiga kicin ɗin wata makarantar gwamnati a unguwar Greenwich ta Landan, da kyamara a bayansa. Abin da ya tarar shi ne kusan kwabo 37 na kuɗinsu ake kashewa a kayan girkin yaro ɗaya, kuma yawanci soyayyen abin kamfani ne ake ɗumamawa a zuba. Ma'aikatan kicin ɗin ma an daina koya musu girki, aikinsu ya koma buɗe leda. Ya zauna da su, ya koya musu, ya sha faɗa da yara, ya sha faɗa da iyaye. Daga nan a 2005 ya tara sa hannun mutum sama da 270,000 ya kai ofishin firaminista Tony Blair, gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 280 don gyara abincin makarantu.

Likitoci da masana sun yi shekaru suna wannan maganar kafin shi, ba wanda ya juyo. Me ya sa aka saurare shi? Don ya iya ɗaga faranti ya ce ga abin da ɗanka ya ci yau, ga kuma abin da za a iya dafawa da kusan wannan kuɗin. Masani zai ba ka adadi, mai girki zai ba ka cokali ka ɗanɗana.

Mu da ke aji mun san yaron da ya ci da wanda bai ci ba tun kafin a tashi tara. Wanda bai ci ba kansa na kan benci. Duk wanda zai tsaya wa wannan yaron, ko da me yake sana'a, ina bayansa.

Malam Sabo:
Malama, ki ƙarasa labarin mana. A 2006 a garin Rotherham an ga iyaye mata suna miƙa wa 'ya'yansu abincin waje ta tsakanin ƙarafan shingen makaranta, don ba su yarda wani attajiri daga talabijin ya zaɓa musu abin da yaransu za su ci ba. Da farko ma yawan yaran da ke cin abincin makaranta raguwa ya yi. Kuma shi kansa a 2019 kamfanin gidajen abincinsa ya durƙushe, mutum kusan 1,000 suka rasa aiki.

Malama Rabi:
Haka aka yi, ban musa ba. Darasin iyayen nan babba ne: in ka zo gyara ka raina mutanen da kake son gyara wa, za su juya maka baya ko da gaskiya ce a bakinka. Amma aikin bai mutu ba. A 2013 wasu masu gidajen abinci biyu, Henry Dimbleby da John Vincent, suka rubuta wa gwamnatin Ingila tsarin abincin makaranta, kuma daga Satumban 2014 aka fara ba yaran azuzuwan farko uku abincin rana kyauta. Karyewar kasuwar mutum ba ta mayar da yaran nan kan soyayyen kamfani ba.

Sista Hauwa:
Ina aiki a asibiti, ɓangaren masu ciwon suga. Abin da ya burge ni da Jamie Oliver shi ne da ya tashi neman a sa wa lemon kwalba haraji, daga gidansa ya fara. A 2015 ya ƙara kwabo 10 a kan duk lemo mai sukari da ake sayarwa a gidajen abincinsa. A Maris 2016 gwamnati ta sanar da harajin, ya fara aiki a Afrilun 2018. An tsara shi hawa biyu: lemon da sukarinsa ya kai giram 5 a cikin mililita 100 ya biya kaza, wanda ya kai giram 8 ya biya fiye. Kamfanoni da yawa sai suka rage sukarin tun kafin ranar, don su kauce wa biya. Mutum yana shan lemonsa kamar kullum, sukarin da ke shiga jikinsa ya ragu. Mu a asibiti sai mu shekara muna wa'azi ba mu cimma rabin wannan ba.

Malam Sabo ya ce ba ya ganin ɗan kasuwa ya nemi abin da zai taɓa ribarsa. Ga ɗaya.

Kuku Ɗanlami:
Hajiya, ranki ya daɗe. Shekara 22 ina gaban murhu, na yi manyan otal na yi ƙananan wurare. Abin da zan ce shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ku je ba, za a rubuta ƙa'idar dai, amma wanda bai taɓa sauke tukunya ba ne zai rubuta.

Misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya yi sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A takarda abu mai sauƙi. Amma wanda ke kicin ya san in ka ɗauki babbar tukunya ka cusa a firji, gefenta zai yi sanyi, tsakiyarta kuwa har asuba da ɗumi, nan ne ciwon yake. Sai an juye a faranta masu faɗi marasa zurfi, an baza, an bar tururi ya fita. Na taɓa sa hannu a tsakiyar shinkafar da ta kwana a firji na ji ta da ɗumi kamar jikin mutum, sama kuwa sanyi ƙalau. Duka muka zubar. In mai rubuta doka bai san wannan ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya hana bayarwa gaba ɗaya don tsoro, ko ya buɗe ƙofa ba sharaɗi a kashe yaran mutane. Ku ne za ku gaya masa hanyar tsakiya.

Aminu:
Iyayena ku gafarce ni, ni yaro ne a cikinku, amma akwai wanda ba a ambata ba tun da aka fara.

Na yi shekara uku ina wanke-wanke a wani gidan abinci. Muna shiga kafin rana ta fito, mu tashi bayan kowa ya tafi. In faranti ya fashe a cire a albashi. Ranar da tafasasshen mai ya zubo mini a hannu, ruwan sanyi aka zuba mini aka ɗaure da tsumma, aka ce in ƙarasa tukwane tukuna. Tabon yana nan daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Mai gidan kuwa mutum ne da ake yabo a gari, yana ciyar da mabuƙata, ana ɗaukarsa hoto.

Shi ya sa in na ji masu gidajen abinci za su je yi wa talaka magana sai gabana ya faɗi. Talakan farko da suka sani yana bayan kicin ɗinsu. A Amurka da ake ta ba da misali da ita, mafi ƙarancin albashin tarayya na ma'aikacin da ke karɓar tukwici dala 2.13 ne a awa, kuma tun 1991 bai motsa ba, alhali na sauran ma'aikata dala 7.25 ne. An ce in tukwicin bai cike ba mai gida ya cike, amma wa ke bin diddigi? Babbar ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasar tana cikin masu kamun ƙafa kada a ɗaga shi. Wannan ma ai shiga maganar doka ne.

Malam Sabo:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Abin da nake ta kewaye-kewaye a kai ke nan.

Hajiya Binta:
Aminu, na karanta saƙonka sau uku. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka. Ba zan kare kaina da ƙarya ba. Ni ba na cire kuɗin faranti, kuma wanda ya ji ciwo asibiti nake kai shi. Amma a cikin ma'aikatana tara babu mai takardar ɗaukar aiki ko ɗaya, kuma matar da ke yi mini yankan kayan miya ba ta da ranar hutu tsayayya, sai in ta roƙa. Shekara shida tana tare da ni. Ban taɓa kallon wannan a matsayin abin da ya shafi tafiyar da muke shirin yi ba sai yau.

Barista Usman:
Don adalci, akwai masu gida da suka gwada gyara. Danny Meyer a New York ya soke tukwici a gidajen abincinsa a 2015, ya shigar da kuɗin cikin farashi don na bayan kicin ma su samu. A 2020 ya koma tsohon tsari. Wannan ya nuna abu ɗaya: in kai kaɗai ka gyara, maƙwabcinka bai gyara ba, farashinka zai fi nasa, kwastoma ya gudu. Sai doka ta hau kan kowa lokaci guda mai son yin daidai yake iya numfashi. Don haka maganar Aminu hujja ce ta a je, amma a je da shi.

Alhaji Garba:
Ni manomi ne, ina kai wa gidajen abinci kayan lambu. Muryarmu ba ta kai inda tasu ke kaiwa. A Peru kuku Gastón Acurio yana cikin waɗanda suka tsaya har aka kafa dokar 2011 da ta dakatar da shuka irin da aka sauya wa halitta na shekara 10, don kare irin gargajiya na manoma. In mai girki ya ce daga gonar wane na sayi wannan, darajar gonar ta tashi.

Sista Hauwa:
Alhaji, a nan ne nake ja da baya kaɗan. Masana kimiyya da yawa ba su goyi bayan wannan dakatarwar ba, kuma muhawarar tana nan har yau. Kuku ya san ɗanɗano, ya san kicin, ya san kasuwar kayan miya. Amma shahara ba ta mayar da shi masanin iri ko likita. Ya yi magana a kan abin da hannunsa ya taɓa, in ya wuce nan ya nemi masu ilimin su tsaya gefensa.

Alhaji Garba:
Na yarda da rabi, Sista. Irin da manomi ya gada ma ilimi ne.

Malam Sabo:
To ku dubi lokacin korona. A Maris 2020 masu gidajen abinci masu zaman kansu a Amurka suka kafa gamayya, suka yi ta zarya majalisa har aka ware musu dala biliyan 28.6 a 2021. Da abin ya zo kan aljihunsu, shekara guda kawai suka yi suka samu. Albashin yaran da ke musu aiki kuwa shekara 30 da ɗoriya yana wuri ɗaya.

Kuku Ɗanlami:
Malam, a nan zan saɓa maka. A lokacin annobar na zauna wata biyar ba aiki, na san abin da rufe gidan abinci yake nufi. In ƙofa ta rufe, ba mai gida kaɗai ke kuka ba: kuku, mai wanke-wanke, mai kawo nama, manomi irin Alhaji, duk sun shiga uku. Neman a ceci sana'a ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka nemi naka ka lulluɓe shi da sunan marayu. Ka ce wannan don kaina nake nema, wancan don jama'a, kowa ya gani.

Barista Usman:
Kuma kuɗin bai isa ba. Wurare kusan 101,000 ne suka samu, sama da 170,000 da suka nema suka tashi a tutar babu.

Hajiya, game da tsoron yayanki, ba zan ce miki babu hatsari ba. Kuku José Andrés, wanda ya kafa World Central Kitchen, ƙungiyar ciyar da waɗanda bala'i ya shafa, a 2010 bayan girgizar ƙasar Haiti, ya janye daga buɗe gidan abinci a otal ɗin Donald Trump a 2015 saboda kalaman da Trump ya yi a kan baƙin haure 'yan Meziko, aka maka shi a kotu, sai a 2017 aka sasanta. Shi yana da lauyoyi da suna. Ke kariyarki ita ce yawa. Kada ki je ke kaɗai, kada sunanki kaɗai ya hau takarda, kuma ki tabbata lasisinki da takardun lafiyar ma'aikatanki sun cika kafin ki buɗe baki. Sannan ku nemi abu ɗaya tak. A Amurka gidauniyar James Beard tun 2012 take tara masu dafa abinci tana koya musu yadda ake magana da 'yan majalisa, don iya girki daban, iya gabatar da buƙata daban. Ɗan majalisa in ka zo masa da koke goma zai yi maka murmushi ya sallame ka. In ka zo da shafi ɗaya da lissafi, sai ya rasa ta inda zai zille.

Sista Hauwa:
Kuma lissafin ya zama naku. Kowa ya san ƙiyasin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asara yake tafiya, tan biliyan 1.3 a shekara. Adadin ya yi girman da ba ya taɓa zuciyar kowa. Amma in kika ce gidaje 20 a cikin wata ɗaya mun zubar da kilo kaza, wanda zai ciyar da yara kaza, wannan zai zauna a kunne.

Hajiya Binta:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yanke. Daga gobe zan ajiye sikeli da littafi a ƙofar kicin, duk dare a auna abin da ya rage a tukunya a rubuta, har kwana 30. Zan roƙi abokan sana'ata su yi haka. Kafin wa'adin ya cika zan zauna da ma'aikatana a rubuta wa kowa takarda da ranar hutunsa, don ba zan iya tsayawa gaban kowa da wannan a wuyana ba. Barista, in Allah ya kai mu za mu nemi ka duba mana shafin. Aminu, ina so ka zo zamanmu na farko ka faɗi abin da ka faɗa a nan, a gaban masu gida. Na san wasu ba za su ji daɗi ba.

Aminu:
Zan zo, Hajiya, in sha Allah. Amma a bar ni in zo da mutum biyu da har yanzu suke aikin, don ni na bari.

Malam Sabo:
Ra'ayina bai sauya ba game da inda irin wannan tafiyar kan ƙare. Sai dai ku turo mini littattafan in haɗa muku lissafin, ba zan karɓi ko sisi ba. Sharaɗina ɗaya: ranar da na ga maganar rage haraji ta shigo takardar marayu, zan faɗa a nan kowa ya ji.

Hajiya Binta:
Na amince, Malam.

Kuku Ɗanlami:
Hajiya, wajen awon: a fara auna kowace tukunya babu komai a ciki, a rubuta nauyinta a jikin murfi, don a riƙa cirewa. A raba shafi biyu, na abin da bai bar tukunya ba da na ragowar faranti, kada a gauraya, don na farkon kaɗai za a iya bayarwa. Kuma a rubuta ƙarfe nawa aka sauke daga wuta, ƙarfe nawa aka auna. Tambayar farko da jami'in lafiya zai yi muku ke nan.